Tiren Madubi na Inna Rakiya

Ina cikin wanke finjalai a ɗakinmu na unguwar Mansur a Makka sai Habiba, 'yar Inna Rakiya, ta bugo waya. Ko sallama ba ta yi ba, ta ce, "Inna ta tafi." Na tsaya ruwa yana zuba a hannuna, har maƙwabciyata ta shigo ta kashe famfon.

Inna ce ta koya mini raba gahawa a bukukuwan Makka, lokacin da na zo daga Damagaram ko riƙon buta ban iya ba. Tana da wani tsohon tire ƙirar Faransa, na tagulla mai ruwan zinariya, gefensa furanni, cikinsa madubi. Wata tsohuwa da ta yi wa hidima a unguwar Utaibiyya ce ta bar mata shi. A manyan gidaje ado ake yi da irinsa, ita kuwa ta sa nata aiki.

Mai raba gahawa ba ta ƙura wa baƙi ido. Inna takan ce, "Ya binti, 'yata, dubi madubi, mai son ƙari za ki gan ta a ciki." Ni ke ɗaukar tiren, tana biye da ni, sai ta leƙo ta kafaɗata mu haɗa ido a madubin. In ta ɗaga gira, na yi gaggawa ke nan. Bayan mun fito takan ce, "Shuwayya-shuwayya, sannu a hankali, ba gobara ake ba." Ba ta taɓa kunyata ni a gaban mutane ba.

Da aka tashi daga zaman makoki, Habiba ta kawo mini tiren naɗe da zane. "Ke ta ce a ba."

Biki ya taso, abokan aikinmu suna jira in shige gaba, ni kuwa na kasa kwance zanen. Tsoro nake ji in duba in tarar babu kowa.

Na daure na kwance shi na je. Na sunkuya gaban uwar amarya, idona ya faɗa madubin: fitilu ne kawai da fuskata. Na miƙa mata finjali na wuce. Har na gama zagaya zauren ina rage sauri, ina jira ta cim mini.

Allah Ya jiƙan Inna Rakiya, Ya yafe mata kurakuranta, Ya haskaka kabarinta. Allah Ya ba Habiba da ƙannenta haƙuri, Ya zama gatansu a ƙasar nan. Ni ma Ya ba ni juriyar tafiya ba ta a bayana. Amin.