Yaya Chun-bae Ya Tafi Ya Bar Famfo a Warware

Da hantsin Laraba, 21 ga watan Mayu, ina cikin wanke shinkafa aka zo mini da mummunan labari. Yaya Bang Chun-bae, yayan marigayi mijina, ya yanke jiki ya faɗi a gaban teburin aikinsa. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Yaya, ban san ta inda zan fara ba. Ranar da muka binne ƙaninka, kowa cewa ya yi in rufe gidan nan da muke haɗa giyar shinkafa in koma birni wurin 'yata Bok-hi. Kai kuwa ka tuɓe rigar makoki ka shige ɗakin injuna. Ba mu taɓa mallakar sabon famfo ba. Duk waɗanda ke jan giyar shinkafarmu daga randa zuwa wurin tacewa na hannu ne, kai ka tsinto su wurin 'yan gwangwan. Ina tuna wanda ka ɗauro a bayan babur, tsatsa ta ci shi har ya yi ja.

Na ce, "Yaya, wannan mushen fa, ina za mu kai shi?"

Ka ce, "Maman Bok-hi, ni da ke ma ai mun kwana biyu. Wa ya zubar da mu?"

Ka kankare shi, ka sauya masa roba, ya tashi yana tari kamar tsohon mashayin taba. Har yau yana aiki.

Shekarar da kogi ya yi ambaliya, laka ta cika injunan kaf. Ka warware su ɗaya bayan ɗaya, ka wanke, ka shanya a kan tabarma, yatsunka duk sun tsage. Gonarka tana ƙarƙashin ruwa, amma ba ka leƙa ta ba sai da famfunanmu suka juya. Ka rasa amfanin shekarar, kuma ban taɓa jin ka ambata ba.

Yanzu ga halin da ka bar ni. Babban famfon da ya tsaya makon jiya yana nan kan teburinka a warware, notuna a jere yadda kai kaɗai ka san tsarinsu. Makanikin da na kira ya duba da kyau, ya ce an daɗe da daina ƙera kayansa. Lokacin dashen shinkafa ne, manoma na aiko da jarkokin sayen giya, zafi na ƙaruwa, giya na tsami a cikin randuna ina ji ina gani. Da bokiti nake kwasa, bayana kamar zai tsinke.

Jiya matarka, Yaya Mal-sun, ta shigo da kayan makoki a jikinta ta ɗauki bokiti. Na roƙe ta ta koma gida. Ta ce, "Bar ni, ƙanwata. In na zauna a gida, takalmansa kawai nake kallo." Abin da muka iya ceta bai kai rabi ba. Sauran muka tuttular a kwata, babu mai iya kallon 'yar'uwarta. Ban sani ba ko ƙofar nan za ta kai kaka a buɗe.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yafe maka, ya hutar da hannayen nan da ba su taɓa hutawa ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Mal-sun, da 'ya'yanka, da dukkan zuriyar Bang. Allah ya ba ku haƙuri. Ni ma ku sa ni a addu'a.