Littattafan da Mai Hatimi Ta Ara

Jiya Litinin Babban Ɗakin Karatu ya rufe katin aro na tsohuwar shugabarsa. Ƙa'ida ce: idan mai aro ya rasu a rufe katinsa, a ba iyalinsa zuwa ƙarshen wata su dawo da abin da ke hannunsa. A kan wannan kati akwai littattafai fiye da dubu huɗu.

Malama ta rasu ranar Laraba, tara ga wannan wata, bayan ta yi watanni tana jinya. Mu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. Shekarunta saba'in da takwas. Ta bar 'ya ɗaya likita, da jikoki uku, da ƙane, da ma'aikatan ɗakunan karatu masu ɗimbin yawa waɗanda kusan duk ta hannunta suka bi. A tsakaninsu ba a kiran sunanta, Mai Hatimi ake cewa. A bayan idonta aka fara faɗa. Da ta ji, sai ta ce a ci gaba, ya fi sauran sunayen da ta san ana kiranta da su.

Ta shiga aikin tana 'yar shekara goma sha tara, tana liƙa aljihun kati a bangon baya na littattafai. Daga nan ta tafi ƙaro karatu. Da ta dawo ta tarar da ɗakin yadda ta bar shi: littattafai a bayan ragar ƙarfe, mai karatu ya rubuta abin da yake so a guntuwar takarda ya tsaya jira, wani lokaci har ya gaji ya tafi. Ranar da aka ba ta shugabanci ta kira maƙeri ya cire ragar. Tsofaffin ma'aikata suka ce za a kwashe littattafan. Ta ce wanda aka sata dai ta san an karanta shi, su gaya mata amfanin na cikin raga.

Abin da ya biyo baya sananne ne ga 'yan sana'ar. Ita ta mayar da tsohuwar bas ɗakin karatu mai yawo ƙauyuka. Ita ta kai akwatunan littattafai asibitoci da gidajen yari. Ta kafa makarantar horar da ma'aikatan laburare, ta shugabanci ƙungiyarsu har sau uku. Ta ware ɗaki da tabarma don mata masu goyo, bayan ta ga an kori wata ɗaliba saboda jaririnta ya yi kuka. Kwamfutocin farko da suka shiga ginin ma ita ta yi ta zirga-zirga har aka kawo su. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka tsohuwa ce mai gaba da sabon abu.

Ba ta da sauƙi, kuma ba zan ce tana da shi ba don ta rasu. Na fara ganinta ina sabon ɗan jarida, na je neman wata tsohuwar jarida. Ma'aikacin da ke kan tebur ya ce mini babu, ko ɗaga kai bai yi ba. Ashe tana tsaye a bayana. Ta ce masa, "A ɗakin nan ba a cewa babu a zaune. Tashi ka duba, in ka dawo da ƙura a hannunka sai in yarda." Ya tashi, ya dawo da jaridar. Har yau duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinta, in ka tambaye shi abu, sai ya miƙe tukuna kafin ya amsa.

Amma abin da ya fi yaɗa sunanta shi ne dokar shekara goma. A farkon shugabancinta kantoci sun cika, sababbin littattafai na jibge a kwali babu wurin sa su. Sai ta rubuta maƙala ta kawo mafita. A bayan kowane littafi akwai takardar da ake buga wa hatimin kwanan wata duk lokacin da aka are shi. Ta ce a duba hatimi na ƙarshe: in ya wuce shekara goma, a sauke littafin a sayar wa masu sayen tsohuwar takarda. Ma'aikata suka sa wa aikin suna tankaɗe. Dokar ta yi aiki, kantoci suka sami sarari, sauran ɗakunan karatu suka ɗauka, har ta shiga jarrabawar ɗalibai.

Sai aka yi shekarar ambaliya, ruwa ya tafi da gada da rabin wata unguwa. Kwamitin bincike ya zo neman tsofaffin rahotannin awon kogin, waɗanda suka nuna iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa a da. Ba wanda ya ari waɗannan kundaye cikin shekara talatin. An sayar da su a kan sikeli shekara biyu kafin ambaliyar, kuma sa hannunta ne a kan takardar izini. Waɗanda suka yi aiki da ita a lokacin sun ce ta yi makonni tana bin rumfunan kasuwa, wurin masu ƙusa da masu sabulu, tana roƙon su buɗe mata takardun da suke ƙunshe kaya da su. Abin da ta tsinto bai cika fayil ɗaya ba.

Ta koma gaban hukumar gudanarwa ta nemi a soke dokar. Shugaban hukumar tsohon ɗalibinta ne. Ya ɗauko maƙalarta, cikin ladabi, ya karanta mata shafi biyu, ya ce shi bai taɓa ganin hujjar da ta fi wannan ƙarfi ba. Ta ce, "Yarinyar da ta rubuta wannan ba ta taɓa ganin ambaliya ba." Aka yi dariya, aka bar dokar yadda take. Sau huɗu tana komawa cikin shekarun da suka biyo baya, kowane lokaci da maganarta ake kayar da ita.

Daga nan ta kama wata hanya. Dokar ta ce littafin da ba a ara ba, ba ta ce wa zai ara ba. Katin shugaba kuma ba shi da iyaka, ko bayan ritaya. Duk shekara kafin tankaɗe sai ta tura keken littattafai ta bi kantoci, ta zaɓi waɗanda wa'adinsu ya kusa kuma ta tabbata babu kwafinsu a wani wuri, ta buga musu hatimi da hannunta, ta tafi da su gida. Ba a ɓoye ta yi ba. Da farko takan mayar da su bayan wata guda. Da aka kwashe kantocin bene na sama aka jera kwamfutoci, littattafan suka rasa inda za su koma, suka zauna a gidanta. Kowace shekara takan zauna ta sabunta aronsu ɗaya bayan ɗaya, aikin da ke cin mata kusan wata. Maigidanta, Allah ya jiƙansa, direban jirgin ƙasa ne mai barkwanci. An ce ya taɓa miƙo mata goshinsa ya ce shi ma a buga masa, don ya lura an kusa shekara goma ba a neme shi ba.

Na je gidan gaisuwa ranar Asabar. Gidan haya ne mai ɗaki huɗu, kuma uku na littattafai ne. Sun hau bango har rufi, sun bi baranda, sun shiga ƙarƙashin gado. Ƙafafun kantocin suna tsaye cikin gwangwanaye don kada gara ta hau. Na zaro 'yan kaɗan: rahoton rijiyoyin wani yanki, littafin koyon ungozoma na zamanin da, ƙamus ɗin wani yare da masu jinsa suka kusa ƙarewa, taswirar layukan ruwan famfo na tsohon gari. A bayan kowanne hatimi ne a jere, shekara bayan shekara, duk a miƙe, babu wanda ya karkace. Na bana ne kawai babu.

Likita, 'yar tata, ta yi mini bayani a tsaye, don kujerun duk an ba baƙi. An sayar da gidan tun bara. Sabon mai shi ya ɗaga ƙafa saboda jinyar, yanzu yana son makullinsa a ƙarshen wata. Ita kuma ɗaki biyu gare ta a gidajen asibiti, ga yara uku. In an mayar da littattafan Babban Ɗaki, babu kantar da za ta ɗauke su, sai sito, kuma sito na yoyo. Ga wani abu kuma: bara aka yi wa dokar kwaskwarima, aka ce aron ma'aikaci, na yanzu ko na da, ba ya shiga lissafi. Ke nan ranar da littattafan nan suka koma, a idon doka sun yi shekaru da dama ba wanda ya taɓa su. Tankaɗe na gaba zai tafi da su gaba ɗaya.

Malama, a nan ne na rasa yadda zan yi da ke. Ke kika koya wa mutane cewa duk littafin da aka sauke daga kanta sai an san inda zai koma kafin a saki hannu. Kin san an sayar da gidan. Kin san an taɓa dokar, kuma kin san don wa aka taɓa ta. Me kika tsaya jira? Likita ta ce sau da yawa ta ɗauko maganar a asibiti, ke kuma ki ce a bari sai kin warke. Shekara talatin kina riƙe da kaya ke kaɗai, ba ki taɓa yarda wani ya kama miki ba, sai ga shi kin ajiye a lokacin da ba wanda ya san ta ina zai ɗauka. Ban faɗi wannan don zargi ba. Na faɗa ne don tun ranar Asabar na kasa zama wuri ɗaya.

Ba ni kaɗai ba ne. Shugaban Babban Ɗakin na yanzu, wanda ta raina tun yana ɗalibi kuma take kira Dogo, na same shi a falo ya kafa ƙaramin tebur, ga hatimi ga tawada. Duk wanda ya zo gaisuwa, da ya shafa addu'a sai Dogo ya tambaye shi ko yana da katin aro. Mai kati na da damar littafi biyar. Mutane na shigowa da hawaye, suna fita da rahoton rijiyoyi a hammata.

Ƙanen marigayiyar, dattijo mai sanda, ya daɗe yana kallo kafin ya yi magana.

"Dogo, gaisuwa aka zo yi ko ofis ka buɗe mana?"

"Kawu, duka biyun ne. Kai ma ina katinka?"

"Ni rabona da karatu tun kafin a haife ka."

"To ai kai muke nema. Kai ne ba za ka yi saurin dawo da su ba."

Kawu ya juya wurin Likita. "Kin ji yaron uwarki. Bakinsu ɗaya." Sannan ya ce a ba shi masu manyan baƙaƙe, idonsa ba ya ganin ƙanana.

Likita ta ce, "Yaya Dogo, ko garin nan duka ya zo gaisuwa ba za su ƙare ba."

Ya ce ya sani. Bai daina bugawa ba.

Gaskiyarta. Zuwa yammacin Lahadi abin da ya fita bai kai ɗari bakwai ba, kuma aro ne, wa'adinsa zai cika. Mai binciken hukumar ma ya riga ya aiko cewa aron da aka buga a wajen ginin ɗakin karatu yana iya zama ba a kan ƙa'ida ba. Dogo ya san kujerar shugabancinsa ya ɗora a kan teburin nan. Na tambaye shi ko ya yi tunanin haka. Ya ce shekara ashirin da suka wuce yana cikin waɗanda suka ɗaga hannu a bar dokar, don haka kada in rubuta shi a matsayin jarumi.

Allah ya jiƙan Malama, ya yafe mata kurakuranta, na sarari da na ɓoye. Ya haskaka kabarinta, ya sanya duk harafin da wani ya karanta ta dalilinta a mizaninta na alheri. Ya haɗa ta da maigidanta a gidan rahama. Ina miƙa ta'aziyya ga Likita da 'ya'yanta, da Kawu, da Dogo da sauran ɗalibanta a duk inda suke aiki. Allah ya ba su haƙurin rashi, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Saura fiye da dubu uku suna nan a gidan. Shugabar wata kwalejin horar da malamai, ita ma ɗalibar Malama ce, ta gaya wa Dogo ta waya cewa suna da zauren da ba a amfani da shi, kuma za su karɓi littattafan duka a matsayin aro da sunan kwalejin, in hukumar Babban Ɗaki ta amince. Hukumar za ta zauna gobe Laraba. Na kira sakatarenta sau biyu yau don in ji ko maganar na cikin abubuwan da za a tattauna, ya ce bai ga takardar ba tukuna. An ce motar kwalejin za ta zo ranar Alhamis da safe. Har na rufe wannan rubutu ba wanda ya tabbatar da zuwanta.