Albishir da Jaje a Hanyar Doguwa

Duk faɗin ƙasar Bebeji ba wanda ya kai ni iya kai labari. Ni ne na taɓa gaya wa mutum saniyarsa ta mutu, har ya yi mini godiya ya haɗa ni da goro. Shi ya sa da sakamakon jami'a ya fito a jarida, yayana bai nemi kowa ba sai ni. Ɗansa Isiyaku ya gama karatu a Badun, ya wuce Doguwa gidan abokin karatunsa Ɗanladi, suna jira tare. Hedimasta ya yanko mana takardar, ya ce shi digiri hawa-hawa ne: Isiyaku yana hawa na biyu daga sama, Ɗanladi kuwa can ƙasa, da ƙyar ya tsallake. Yayana ya sayi rago, ya ce, "Ka zo mini da yaron nan kafin Juma'a."

Mun tashi da asuba ran Lahadi, ni da wani maƙwabcina, a kan kekuna. Damina ta yi tsakiya, hanyar da ta ratsa ƙasar Kiru duk ta zama kunu. Rabin tafiya keke ya ɗauke ni, rabi ni na ɗauke shi. A Kwanar Dangora muka ba wani mai tireda ajiyar kekunan, muka ci waina ta taro mai faɗin faifai, sannan muka hau motar kaya, sule biyu zuwa Tudun Wada, a kan buhunan gishiri. Motar nan in ta ga tudu sai ta yi tari, mu sauka mu tura. Ni kaɗai na tura ta abin da ya kai mil goma.

Muka kwana Tudun Wada. Washegari muka samu wata motar, a Burumburum wata Bafillatana ta dama mana furar da ludayi ke tsayawa a ciki kamar soja. Da muka shiga daji, birai na leƙenmu daga kan itatuwa, ni kuwa ina tsara jawabi biyu a zuci: albishir na Isiyaku, jaje na Ɗanladi. Har na gwada jajen a kan maƙwabcina, ya ce ya kusa hawaye.

Da la'asar muka ga duwatsun Doguwa. Muka tarar da samarin a gindin ɗorawa.

"Isiyaku, albishirinka!"

"Goro, Baffa."

Na miƙa masa takarda ina gyara hula. Ya duba, ya sake dubawa, sai ya zauna daɓas a ƙasa. "Na biyu? Shekara uku ban san barcin kirki ba, na biyu? Tafiya ƙaro karatu Ingila ta rushe ke nan, sai mai hawa na ɗaya ake turawa."

Na ce to, bari in gama da ɗayan tukun. Na karya murya: "Ɗanladi ɗana, haƙuri za ka yi, komai na Allah..."

Ya fizge takardar. "Sunana yana ciki? Baffa, ko a bayan takardar aka rubuta shi, na gode Allah!" Ya cilla hularsa, ta maƙale a kan ɗorawa. Uwarsa ta rangaɗa guɗa daga cikin gida, kafin magariba kaji uku sun riga mu gidan gaskiya.

Isiyaku kuwa ya ce ba ya komawa Bebeji, da wane ido zai dubi mutane? Ga rago can yana jira. Sai na buɗe masa wuta. Ran Talata tun hantsi nake masa nasiha: a zaure, a hanyar masallaci, a bakin rijiya. Ya shiga gonar masara, na bi shi kunya-kunya ina kawo masa tarihin malaman da suka sha wuya. Laraba da safe na ga ya ɗaure akwatinsa.

Ran Alhamis da azahar muka shiga Bebeji, yayana ya tare mu tun daga bakin kasuwa. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, ita jarrabawa ba a jarida ake karanta ta ba: kowa da inda ya sa ransa, daga nan yake auna faɗuwa.

Wajen cin rago nake ba jama'a labarin yadda hikimata ta juyo da yaro. Isiyaku ya ajiye ƙashi ya ce, "Baffa, ni ban ji ko ɗaya ba. Gani na yi in ban biyo ka ba, ba za ka yi shiru ba."