Neman lakar baba a Gidan Sori

Mun tashi da asuba daga Gangara, ni da ɗiyata ta fari, ran wata Laraba. Shekara guda ke nan da sojoji suka karɓi mulki, damina ɗaya bayan yunwar da ta kai tiyar hatsi inda ba a taɓa ji ba, saura kwanaki a jefa ƙuri'a. Abin da na ɗauka bido ne, 'yar jarkar roba, babu komai ciki.

Ni mariniya ce, kuma a ƙasar Gazawa ba a rina zane baƙi kamar nawa. Asirin yana gindin kwatarniya, wata laka mai wari da ke kwanciya ƙarƙashin ruwan baba. Kakata ta zo da ita cikin tulu daga wajen Katsina, innata ta ɗiba mini ranar da na tare. Muddin tana nan, ka zuba baba da toka, kwana uku ruwa ya yi kumfa. To na kwanta ciwo wata biyu, sai matar ɗana, don ta faranta mini, ta kwashe lakar ta wanke kwatarniyar fes da omo. Ban zage ta ba. Sau huɗu na jiƙa sabon baba, ruwa bai motsa ba. Mutum ɗaya ta rage da inna ta ɗiba wa, Tabawa ɗiyar baffana, da ke aure a Gidan Sori.

Amalanke ya kai mu Gazawa, muka hau mota jaka biyu-biyu zuwa Maradi. Kowace bishiya a bakin kwalta an rataya mata tutar jam'iyya, har wadda ta bushe. A Agye muka sayi ƙosai na dala goma, ƙanana kamar idon tunkiya. Wani jandarma ya girgiza bidona, ya tambayi me zan zubo. Na ce masa laka, ya dube ni ya ce Allah ya ƙara sauƙi, iya.

Da hantsi ya ɗaga muka sauka Maradi wurin ɗan ƙanena, magidanci ne, yana aiki inda ake tara ƙazamin ruwan wata masana'anta a tafkunan siminti har ya kwanta. Ya nuna mini baƙar lakar da ke ƙasa. Ya ce wasu halittu ne cike da ita waɗanda ido ba ya gani, suna aika wa juna wani abu kamar wari, kowa na shaida wa ɗan'uwansa yana nan. In sun ji sun yi kaɗan sai su yi lamo. Sai sun ji sun taru sannan su manne da juna su kama cin dauɗa. In an gina sabon tafki ma, daga tsoho ake ɗebo masa laka. Na ce ni zai gaya wa, da nake gane lafiyar kwatarniya da hanci tun ba a haifi ubansa ba? Amma na sassauta murya na roƙe shi ya cika mini bidon. Ya ce, "Gwaggo, ba za ta yi miki ba. Kowace laka da mutanenta."

Mota ta kai mu Tibiri, daga nan babur ya ɗauke mu, rairayi har gwiwa, sau biyu muna sauka mu taka. La'asar muka isa. Tabawa ta rame, amma ta gane muryata tun daga zaure. Ta dama mana fura, muka yi gaisuwar mutuwar da ta taru tsakaninmu, har na mutum bakwai. Sannan idonta ya sauka kan bidon.

Ta ja ni bayan ɗaki. Kwatarniyarta na kife, kaza ta yi ƙwai a gefenta. Da yunwa ta matsa sun ƙetare iyaka wata biyar neman abinci, ta dawo ta tarar lakar ta bushe ta tsattsage.

"Yaya," in ji ta, "ni da nika jiran ƙahwata ta yi sauƙi in taho wurinki."

Muka zauna a ƙasa, ba wadda ta yi kuka sai ɗiyata. Na kankari busasshen gindin na ƙulle a bakin zane, ko da na san ba rai cikinsa.

Washegari muka juyo, ban ga komai a hanya ba. Na jiƙa abin da na kankaro, yau kwana tara, ruwa yana nan yadda na zuba shi. Abin da na gane ba mai daɗi ba ne. A shekarun da hannuna ke ci, mata uku a Gangara sun zo da ƙwarya suna roƙon in ɗiba musu, na ce lakar gidanmu ba ta fita. Da na ba su, da ƙafa zan taka in karɓo.

Cikin waɗanda suka tsoma hannu a kwatarniyar inna, saura ni, sai Tabawa, sai Dije ta bayan masallaci da ke taya inna rini a da, ita kuma ba ta ƙara gane mutane ba.