Takardar Cikin Keke

Shekara goma sha ɗaya ina toya waina kusa da rumfar Malam Hayatu mai gyaran keke, a kasuwar wani gari tsakanin Bukkuyum da Gummi. Sunan garin dai ba zan faɗa ba, masu abin suna da jikoki. Ban taɓa ganin mutum mai zargi irin Hayatu ba. Ko waina na miƙa masa sai ya juya ta ya duba bayanta, har na taɓa ce masa, "Malam, in guba zan sa maka ai a miya zan sa!"

Yana da wata ɗabi'a da ba kowa ya san da ita ba. Duk keken da aka kawo masa ya haɗa sabo, sai ya rubuta sunan mai shi da na ubansa da wata da shekarar saye a 'yar takarda da ajami, ya naɗe a leda, ya cusa cikin bututun da ke ƙarƙashin sirdi. Masu kekunan ma da yawa ba su sani ba. Ni da ke gefensa nake gani. Wai don ɓarayi yake yi.

Wajen 1982 aka kawo sabon saje ofishin 'yan sandan yankinmu, ana ce masa Saje Bala. Ya tarar rufin ofis yana yoyo, motarsu ba mai, yaransa da ƙafa suke sintiri. Sai ya tara mutane ya ce daga yau kayan da aka ƙwace hannun ɓarayi, in mai su bai fito ba, za a yi gwanjonsu a sayi mai da kwano, kekuna kuma a shafa musu baƙin fenti 'yan sanda su hau. Wallahi har da ni a masu sa albarka. Hayatu ne aka ba aikin fentin.

To, da farko keke ɗaya a wata, wani lokaci biyu. Kafin shekara ta zagayo sai ga su huɗu huɗu. Na ce, oh, ashe duk ɓarayin ƙasar Sakkwato hanyarmu suke bi? Abin da na lura shi ne, duk ranar da motar ofis ta mutu, makon nan sai an kama ɓarawo. Kuma shingen hanya ranar kasuwa kawai ake sa shi. A tare baƙauye a ce ina rasit. Rasit! Mutumin da ya sayi keke shekara shida, gara ta ci rufin ɗakinsa ma balle takarda?

Haka suka yi wa maigidana Surajo a hanyar Gummi. Aka karɓe kekensa, ya kwana biyu a tsare, ya dawo da ƙafa. Keken bai dame shi kamar yadda aka riƙa kallonsa a masallaci ba. Ya daina fita in ba dole ba. Na je wurin Hayatu na ce, "Malam, kai ka haɗa keken nan. In sun kawo maka, ka buɗe sirdin."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Inna Balaraba, ba su kawo shi nan ba."

Na yarda. Surajo ya rasu da damina ta biyu, har lokacin akwai masu cewa ai ba a kama mutum haka kawai.

Bayan wannan ne aka kama Manu, wani Bafulatani da ke kawo man shanu kasuwa daga wajen Zugu. Shi nasa ya fi muni, don ya ƙi sakin keken, ya riƙe kariya, wato mazaunin baya, da hannu biyu har aka yi kokawa. Sai aka ce ɓarawo ne riƙaƙƙe, za a kai shi gaban alƙali. Matarsa Hawwa'u ta zo rumfata da ƙwarya a kai, ko zama ta kasa yi. Ta ce in aka ɗaure Manu da sunan sata, ba mai sake ba shi kiwon ko akuya, 'yan'uwanta kuma sun ce za su zo su tafi da ita.

Da hantsi wani kurtu ya turo keken ya jingine a rumfar Hayatu, ya ce Saje ya ce a yi fenti kafin jibi. Ka ji fa, shari'a ba a yi ba, fenti ya riga ta! Ina kallo ta wutsiyar ido Hayatu ya kwance sirdin, ya zaro 'yar leda, ya karanta. Na ce, "Sunan wa?"

Ya ce, "Ki ji da wainarki."

Raina ya ɓaci. Na ce masa, "Kai dai ka iya zargin kowa, amma ranar da zargi zai yi amfani sai ka zama kurma. Tsoron me kake ji?"

Ya ce, "Ina da 'ya'ya bakwai. Ke kin san abin da 'yan sanda za su samu cikin akwatina in sun so su samu?"

Wannan kam gaskiya ce. Na koma kan kaskona ina huci.

Ranar shari'a sai ga Hayatu ya sa rigarsa ta Juma'a, yana tura keken, ba ɗigon fenti a jiki, sifana a aljihu. Na rufe waina na bi shi. A gaban alƙali ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a ba wani ya kwance sirdin ga, kada a ce ni na sa." Masinjan kotu ya kwance. Ga leda ta yi jawur da tsatsa, ga takarda: Manu ɗan Shitu, watan Rajab, shekara biyar da suka wuce. Alƙali ya karanta sau biyu, ya dubi Saje Bala ta saman tabarau. Saje ya ce kuskure ne aka samu. Aka saki Manu, ya ɗauki matarsa a kariya suka tafi.

Daga ranar ba a sake ba Hayatu fenti ba. Sau biyu ana zuwa binciken rumfarsa. Shingen hanya dai ya ragu, Saje ma bai ƙara shekara ba aka canza masa gari. Mutane kuwa suka riƙa kawo kekuna lafiyarsu ƙalau, a sa musu suna a ciki.

Ni har na fara yabonsa a kasuwa, ina cewa namiji ke nan. Wata la'asar ina wanke kasko ya zo ya tsuguna a gabana, abin da bai taɓa yi ba. Ya buɗe wani tsohon gwangwanin madara. Ledoji ne a naɗe, sun fi ashirin. Ya zaɓi ɗaya ya miƙo mini.

Ban iya karatun ajami sosai ba, amma sunan mijina na san shi.

Ya ce, "Sun kawo shi nan, Inna Balaraba. Ni na yi masa fenti."

Ban zage shi ba, duk da bakin nan nawa. Na ƙulle takardar a bakin zane. Mun ƙara shekara shida muna maƙwabtaka kafin ya rasu, kullum muna gaisawa, amma ban sake miƙa masa waina ba.