Buhun Gawayin Ɓawo Zuwa Borokiri

Enugu

Na bar Enugu bayan sallar asuba da buhu ɗaya a okada zuwa tasha. A cikinsa akwai gawayin da nake haɗawa da ɓawon lemo da abarba da kwakwa: a shanya, a ƙona a durom, a daka, a kwaɓa da sitacin rogo, a dunƙule a gwangwanin tumatir. Ba ya hayaƙi. Kawu Sale zan kai wa, mai balangu a Fatakwal, wanda likita ya ce ko ya rabu da hayaƙi ko ya rabu da sana'ar. Shi kuwa bai iya wata ba.

Onitsha

Na biyo ta nan don direban tirela, Ɗanlami, ya yi mini alkawarin wuri. Cunkoson Upper Iweka ya cinye mana hantsi. Na ci shinkafa da wake a tsaye. A shingen hanyar Owerri ɗan sanda ya zura hannu a buhun, ya ce, "Aboki, wetin be dis?" Na ce ɓawon lemo ne. Ya shinshina, ya goge hannu a rigar Ɗanlami, ya ɗaga mana katako.

Fatakwal

Mun shiga ana yayyafi, na rungume buhun kamar jariri har Borokiri. Bayan doguwar gaisuwa Kawu ya juya curi ɗaya a hannu, ya ce shekarunsa sun wuce wasa da shara. Duk da haka washegari ya cika tukubarsa da shi. Wuta ta kama, nama ya gasu, ya wuni bai goge ido ba. Wani lebura ma ya tambaya ko yau ba a hura wuta ba ne.

Da magariba na tafi alwala. Kawu ya yi abin da ya saba tun yana saurayi: ya kwara wa sauran garwashin ruwa don ya yi amfani da shi gobe. Gawayin itace yana jure wannan, nawa kuwa sitaci ne ke riƙe da shi. Na dawo na tarar da baƙin kunu yana tsiyaya ƙasa, ya jiƙa gindin buhun ma. Raina ya ɓaci ƙwarai. Kawu ya daɗe yana kallo.

Komawa

Da safe ya raka ni tasha, hirar ruwan sama kawai muka yi. Na isa gida da la'asar, na gode wa Allah da Ɗanlami. Ina cire takalmi Kawu ya kira. A bayansa ina jin hayaniyar masu abarba na kasuwar Creek Road.

"Ɗana," ya ce, "na tara buhu biyu na sharar nan. Sitacin da zafi ake zubawa ko sai ya huce?"