Fitilar Ladi da Hular Haladu

Haladu ya rasu ranar Talata da hantsi, a kan tabarmarsa, a gidansa na Dutsi. Na fara da wannan ne saboda duk wanda ya taɓa shiga motarsa ya ɗauka a cikinta zai mutu, mu ma tare da shi.

Taubashina ne, babansa wan innata. Tun muna yara yake ce mini bawansa, ni ma haka nake ce masa. Sana'armu ɗaya, sayen tumaki da awaki a kasuwannin ƙauye. Ni ƙafata ta lalace tun da motar shanu ta kife da mu a hanyar kudu, don haka ba na tuƙi. Shi ke jan mota, ni ina gefe.

Motar kun san ta. Tsohuwar a-kori-kura ce, ya sa mata suna Ladi don ran Lahadi ya saye ta. Ta girmi duk 'ya'yansa. Tun da na san ta gabanta duhu ne. Babu ƙwai ko ɗaya mai kamawa a dashbod, alluran mita duk sun kwanta. In zai duba mai, karan dawa yake zurawa a tanki. In yana son sanin zafin inji, hanci yake buɗewa. Na taɓa tambayarsa yadda yake gane ya yi gudu.

"In ka fara salati, na san mun yi gudu," in ji shi. "Kai ne mitata."

Bai yarda kowa ya taɓa mata waya ba. In wata ta tsinke, sai ya ciro ta tsohuwar rediyo ko ta mataccen fanka ya ɗaura, ya naɗe da leda. Ƙarƙashin sitiyari ya koma kamar sheƙar shamuwa. Da tafiya ta yi tafiya wayoyin suka saba da juna. Ka taka burki, rediyo ta kama. Ka danna oda, fitilun gaba su ɗauke. In an yi magana ya ce ba lalacewa ba ce, tarbiyya ce, Ladi ba ta haɗa aiki biyu.

Wata rana bayan magariba muna dawowa daga Kongolam da raguna a baya, sai ga amalanken shanu a gabanmu. Na ce ya yi oda.

"Zaɓi ɗaya, bawana. Ko mu gan shi, ko ya ji mu."

Na ce ya ji mu. Ya danna. Duhu ya rufe mu. Mai amalanke ya ji, ya kauce. Mu ne ba mu ga kwana ba. Muka tsinci kanmu a tsakiyar gonar gyaɗa, raguna na kuka, hayaƙi na fitowa daga ƙarƙashin sitiyari. Haladu ya cire takalminsa ya bubbuge wutar har ta mutu, sannan ya waiwayo.

"Kai ka zaɓa," ya ce.

Labari ya riga mu isa Zango, inda babbar 'yarsa Hajara take aure. Da safe sai ga ta. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai Uwata, kuma bai taɓa yi mata musu ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta gaishe mu, ta zare makullin daga ƙusar da yake rataye shi, ta miƙo mini.

"Kawu Idi, riƙe. Baba, a sake wayarin motar nan gaba ɗaya, a sa fitila a gabanta. In ba haka ba, makullin ya bi ni Zango."

Haladu ba ya tsoron rami, ba ya tsoron wuta. Amma in ka raba shi da Ladi, ka mayar da shi tsohon da ke zaman ƙofar gida yana korar kaji. Ya san haka. Ya ce, "To, Uwata."

Aka ja Ladi zuwa Daura, wajen wani Sani mai wayarin. Sani ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe bai ɗago ba.

"Baba, wa ya yi maka wannan aikin?"

"Me ya faru?"

"So nake in ji ko yana da rai."

"Yana da rai, kuma shi zai sallame ka. Sai ka iya bakinka."

Ya ja benci ya zauna, bai matsa ba har aka gama. Duk wayar da Sani ya zaro sai ya karɓa, ya faɗi asalinta. Wannan ta dutsen gugar marigayiya matarsa ce, wannan ta rediyon da muka ji labarin juyin mulki a cikinta. Ya tara su a buhu ya kai gida. Da su muka riƙa ɗaure ƙafafun raguna daga baya. Ya ce waya ba ta mutuwa, sana'a take sakewa.

Sani ya shimfiɗa sababbin wayoyi masu launi, ya sa fis mai hana waya ƙonewa, ya dasa ƙananan ƙwayaye a bayan mitoci. Da na miƙa makulli aka murɗa, gaban motar ya haska kore shar. Allurai suka miƙe. Wasu jajayen fitilu ma suka kama. Sani ya shiga bayani: wannan tana cewa mai ya yi ƙasa, wannan tana cewa inji na zafi, wannan kukan batir take yi.

"Duk ita ke faɗa?"

"Ita ce, Baba."

"Shekara da shekaru muna zaune lafiya, ba ta taɓa kai ƙarata ba. Ka zo rana ɗaya ka ba ta baki."

A hanyar komawa idonsa na kan allurai, saura kaɗan ya hau jaki. Ban taɓa ganin Haladu ya tsorata a mota ba sai ranar. Ba mu yi nisa da Daura ba ya tsaya, ya cire hularsa, ya cusa ta bayan sitiyari ta rufe mitocin ruf. Na ce, Hajara fa?

"Uwata ta ce a sa fitila. An sa. Ba ta ce a kalla ba."

Hajara ta zo ta duba. Ta danna oda, fitilu ba su ɗauke ba. Ta ɗaga hular ta ga haske, ta mayar da ita yadda ta same ta, ta bar masa makulli. Tun daga nan Haladu yake yawo kai babu hula, dattijo da furfura. Abokai suka dame shi ya sayi wata. Ya ce yana da hula, tana wajen aiki ne.

Bara yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya ɓoye, amma na gane. Wata rana bayan sallar magariba ya kira ni muka shiga Ladi a ƙofar gida. Ya tayar da ita, ya zare hular, ya kai fuska dab da mitocin.

"Bawana, koren nake gani. Allurar tana nan?"

"Tana nan."

"To."

Ya kashe inji, ya kakkaɓe hular ya sa a kansa, ya zaro makulli ya ɗora a tafina.

"Kai wa Uwata. Ka ce ni na aiko, ba ƙwata aka yi ba."

Hajara ta karɓa ta dawo mini da shi. Bai sake tuƙi ba. Sai dai in rana ta faɗi nakan je in murɗa masa makullin, ya zauna yana kallon koren nan, don shi kaɗai ya rage wa idonsa. Sau ɗaya ya ce, "Ashe tana da kyau."

Ladi tana nan gindin darbejiya a ƙofar gida, tayoyinta sun sace. Haladu yana maƙabartar gabashin gari, kusa da mahaifiyarsa. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya haskaka masa inda yake kwance.